Wa Zai Riƙe Makullin? Kai Cibiyar Sa Ido Ƙetare da Makomar Layin Intanet na Ƙasa a Ostireliya

Tsakure

Kamfanonin sadarwa sun daɗe suna miƙa aikin kula da layukansu ga 'yan kwangila a ƙasashen da albashi ke da sauƙi. Wannan takarda ta ɗauki NBN Co, kamfanin gwamnatin Ostireliya mai riƙe da layin intanet na ƙasa, ta auna ko wannan dabara ta dace da kamfani irinsa. Matsayinta shi ne ana iya raba aikin kallon allo da wasu, amma ikon taɓa layin, da ilimin gyara shi, da iya tafiyar da shi ranar da hanyar waje ta yanke, dole su zauna a gida kuma a hannun mai layin.

Layin da ɗakin da ake kallonsa

A watan Afrilu na 2009 gwamnatin Kevin Rudd ta kafa NBN Co domin ya shimfiɗa layin intanet mai sauri zuwa kowane gida a Ostireliya. Tun daga tushe an tsara shi a matsayin ɗan sari: ba ya sayar wa kowa intanet kai tsaye, sai dai kamfanoni irin su Telstra da Optus da TPG su saya a hannunsa su sayar wa jama'a, suna haɗuwa da layinsa a mahaɗai 121 da ke warwatse a faɗin ƙasar. Shirin farko na kai wayar fayiba har cikin gida ne ga mafi yawan mutane, amma bayan zaɓen 2013, lokacin da Malcolm Turnbull ya zama ministan sadarwa, aka koma gauraya fasahohi. Yau layin ya ƙunshi fayiba har gida, da fayiba da ke tsayawa a akwatin unguwa ko a bakin titi ta miƙa wa tsohuwar wayar tagulla, da kebul ɗin talabijin da aka gada, da turakun rediyo, da taurarin ɗan'adam biyu na Sky Muster da aka harba a 2015 da 2016 domin mazauna daji da tsibirai. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ayyana cewa an gama gini. Daga ranar nan nauyin kamfanin ya sauya daga haƙa rami da jan waya zuwa kula da abin da aka gina, kuma a irin wannan lokaci ne duk wani kamfanin sadarwa ke fara duba jerin ma'aikatansa yana tambayar wane aiki za a iya yi da araha a wani wuri.

Ɗaya daga cikin wuraren da wannan tambaya ke sauka shi ne cibiyar sa ido kan layi. NBN Co ya buɗe tasa a unguwar Docklands ta birnin Melbourne a 2011, kamar yadda Telstra ke da tasa a Clayton. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki zai ga bango guda na alluna, taswirar ƙasa da ɗige-ɗigen kore da ruwan ɗorawa da ja, da mutane jere a kujeru dare da rana suna karɓar juna. Amma allon ba shi ne aikin ba. Aikin hawa-hawa ne. A hawan ƙasa akwai masu kallon ƙararrawa, waɗanda ke buɗe tikiti su tura shi inda ya dace. A sama da su akwai masu gano musabbabi, waɗanda ke shiga cikin na'ura daga nesa su karanta abin da ta rubuta, su sauya saiti, su karkatar da zirga-zirgar bayanai ta wata hanya. Daga can sai injiniyoyin da suka san yadda aka ƙera layin, waɗanda ake tasa daga barci idan abu ya gagara. A ɗakin nan ne kuma ake amince wa duk wani sauyi da za a yi wa layin cikin dare, a nan ake cewa a ci gaba, a nan ake cewa a tsaya a koma baya. Misali, idan akwatin unguwa ɗari suka yi ja a lokaci guda, mai kallo yana da 'yan mintoci ya rarrabe ko wutar lantarki ce ta ɗauke a yankin, ko motar haƙa ce ta datse fayiba, ko kuwa sabuwar manhajar da aka ɗora awa guda da ta wuce ce ke cin layin daga ciki. Amsa ta farko tana buƙatar janareto, ta biyu tana buƙatar masu ɗinkin waya, ta uku kuwa tana buƙatar mutum mai ikon dakatar da aikin wani, ko da wancan ya girme shi a muƙami.

Masu ba da shawarar kai wannan ɗaki ƙetare ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun 2004 Bharti Airtel ya miƙa gudanar da layinsa ga Ericsson da Nokia da Siemens, ya ba IBM harkar kwamfutocinsa, ya kuma bunƙasa da wannan tsari har ya zama abin koyi. A 2009 Sprint na Amurka ya mayar da ma'aikata kusan 6,000 hannun Ericsson a kwangilar shekara bakwai. Manyan masu ƙera kayan sadarwa suna da cibiyoyi a Indiya da Romaniya da Meziko, inda ɗaki guda ke kallon layukan ƙasashe da dama, kuma injiniyan da ya ga irin matsala guda a layuka goma ya fi wanda ya gan ta a layi ɗaya saurin gane ta. Nisa ma ba matsala ba ce ta fuskar fasaha, domin umarnin da aka buga a Bangalore zai isa na'urar da ke Sydney kafin ƙiftawar ido. Ga NBN Co kuwa matsin kuɗi a fili yake. Ginin ya ci sama da dalar Ostireliya biliyan 50, bashi ya yi masa katutu, kuma hukumar kula da gasa ta ACCC ta amince a Oktoba 2023 da tsarin da ya ɗaure farashinsa har zuwa 2040. Kamfanin da ba zai iya ƙara kuɗi yadda ya ga dama ba, dole ya nemi inda zai rage.

Inda lissafin ya karkace

Matsalar wannan lissafi ita ce ribar tana shiga littafin kamfani, asarar kuwa tana faɗawa kan mutanen da ba su sa hannu a kwangilar ba. Idan kamfanin wayar salula ya yi sakaci da layinsa, mai hulɗa da shi yana iya cire sim ya koma wani, kuma tsoron wannan ƙaura yana ladabtar da kamfanin ko da kaɗan. NBN ba haka yake ba. Tsarin da aka bi shi ne a yanke tsohon layin waya wata 18 bayan NBN ya iso unguwa, wato an kwashe jama'a an ɗora su a kansa ko suna so ko ba sa so. Tun Yulin 2020 kuma doka ta sa NBN Co ya zama wanda alhakin haɗa kowane gida ya rataya a wuyansa inda babu wani. Mutum yana iya sauya kamfanin da ke aiko masa da takardar biya sau biyar a shekara, amma wayar da ke shiga gidansa ɗaya ce, ɗakin da ke kallonta ma ɗaya ne. A kan wannan waya wayar tarhon gida take, da na'urar kiran agaji da tsofaffi ke ratayawa a wuya, da na'urar cirar kuɗi ta mai shago, da kiran lambar gaggawa ta 000. Tarar da za a rubuta a kwangila kan kowace awa ta katsewa ana auna ta da kuɗin kwangilar ne, ba da abin da ƙasa ta yi asara ba, kuma babu ɗan kwangilar da zai yarda ya ɗauki asarar ƙasa a kansa. Saboda haka kasadar ba ta tafiya tare da aikin. Aikin ya tafi, kasadar ta zauna.

Ostireliya ta ga wannan da idonta a wani kamfanin. Da asubahin 8 ga Nuwamba 2023 layin Optus ya mutu gaba ɗaya, ya jefa mutane kusan miliyan 10 da 'yan kasuwa kusan 400,000 cikin duhun sadarwa har tsakar rana, wasu har yamma. Jiragen ƙasa na Melbourne sun tsaya na ɗan lokaci, wayoyin asibitoci sun yi shiru. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne bayan wani sabunta manhaja a mahaɗar uwar kamfaninsa Singtel da ke waje, bayanan hanyoyi sun kwararo sun zarce iyakar da aka saita wa manyan na'urorin rarraba hanya, sai kimanin 90 daga cikinsu suka cire kansu daga layin domin kare kansu. Singtel ya ce ba sabuntawarsa ba ce musabbabi, saitin kariyar Optus ne. Wannan jayayya tsakanin uwa da ɗa ita kanta darasi ce, amma abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne yadda aka farfaɗo. Da layin ya mutu, hanyar shiga wasu na'urorin daga nesa ta mutu tare da shi, sai da aka tura mutane da ƙafafunsu zuwa ɗakunan na'urori suka tayar da su. Shugabar kamfanin, Kelly Bayer Rosmarin, da WhatsApp ta yi magana da gidan rediyo a safiyar, kuma ta ajiye aiki kafin ƙarshen watan. Daga baya hukumar kula da sadarwa ta ACMA ta gano mutum 2,145 sun kasa samun 000, ta ci kamfanin tarar sama da dala miliyan 12.

Ba a cika shekara biyu ba aka sake. Ranar 18 ga Satumba 2025, wani aikin sabunta katangar tsaron layin Optus da aka fara bayan tsakar dare ya toshe kiran 000 a Kudancin Ostireliya da Yammacinta da Yankin Arewa na tsawon awa 13 ko kusa da haka. Ɗaruruwan kiraye-kiraye ba su shiga ba, kuma an rasa rayuka. Sauran kiraye-kiraye suna tafiya lafiya lau. Wasu masu hulɗa sun gane, sun kira cibiyoyin amsa kira na kamfanin da ke ƙasashen waje sun faɗi cewa 000 ba ya shiga, amma maganar ba ta haura zuwa ga masu ikon dakatar da aikin ba. Shugaban kamfanin, Stephen Rue, wanda shi ne ya jagoranci NBN Co daga 2018 zuwa 2024, ya amsa cewa ba a bi ƙa'idar aiki ba. Binciken da Kerry Schott ta jagoranta ya lissafa jerin kurakurai da suka ratsa tsakanin ma'aikatan Optus da na ɗan kwangilarsa Nokia. Babu kuskure ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin injiniya mai matsakaicin ƙwarewa. Abin da ya ɓace shi ne mutum guda da ke ganin aikin daga farko zuwa ƙarshe, wanda ya san cewa jumlar "sifili uku ba ya shiga" ba ƙorafin mai hulɗa ba ne da za a ba lamba a jera a layi, magana ce ta rai da mutuwa.

A nan ne suka mafi ƙarfi ke shigowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mai suka zai ce ba ƙasa ce ta jawo waɗannan ba, rashin tsari ne, kuma ɗora laifi kan ma'aikatan Indiya ko Filifin ƙyamar baƙi ce da aka sa wa rigar fasaha. Zai kawo misalin Rogers na Kanada, wanda layinsa ya mutu ranar 8 ga Yuli 2022 ya taɓa mutane sama da miliyan 12, ya tsayar da biyan kuɗi ta Interac, ya hana wasu kiran 911, alhali kuskuren saiti ne na cikin gida. Zai ƙara da Facebook, wanda injiniyoyinsa da kansu suka yanke shi daga duniya na kusan awa shida ranar 4 ga Oktoba 2021. Duk wannan gaskiya ne, kuma wannan takarda ba ta da'awar cewa ɗan Melbourne ya fi ɗan Chennai iya aiki ko riƙon amana. Sau da yawa ma na Chennai ya fi ganin layuka iri-iri. Da'awar ita ce kowane layi yana karyewa ne a mahaɗa, inda aikin wani ya ƙare na wani ya fara, kuma kai cibiya ƙetare yana tara mahaɗai da yawa a wuri guda: ta kamfani da kamfani, ta kwangila, ta agogo, ta doka, ta abin da kowa ya taso ya sani ba tare da an faɗa masa ba. Ma'aikacin ɗan kwangila ana auna shi da yawan tikitin da ya rufe a kan lokaci. Idan ya dakatar da aikin da aka tsara saboda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya jawo wa kamfaninsa tambaya, idan kuwa ya bi takarda abin ya lalace, takardar za ta kare shi. Ba lalaci ba ne, hankali ne a irin matsayin da aka ajiye shi. Misalin Rogers kuwa, in an duba da kyau, yana ƙarfafa wannan matsayi ne. Abin da ya tsawaita katsewarsa shi ne hanyar da injiniyoyi ke bi su shiga na'urori ta dogara da layin da ya mutu, har ma'aikatan suka rasa yadda za su yi magana da juna sai da layukan wasu kamfanoni. Idan haka ta faru ga masu tazarar tafiyar mota da na'urorinsu, me zai faru ga wanda teku ta raba shi da su?

Ranar da hanya ta yanke

Ostireliya tsibiri ce, kusan duk abin da ke shiga da fita na bayanai ta kebul ɗin ƙarƙashin teku yake bi, yawanci ta Sydney da Perth. Tsohon kebul ɗin da ya haɗa Perth da Singafo ya sha yankewa a ruwan Indonesiya kafin a shimfiɗa sababbi a 2018 da 2019. Maƙwabciyarta Tonga ta yi kusan mako biyar babu kebul bayan aman wutar dutse na Janairun 2022. Amma abin da ya fi fallasa raunin ba kebul ba ne, annoba ce. A watan Maris na 2020 aka rufe tsibirin Luzon, inda Manila take, kwanaki kaɗan bayan haka Indiya ta rufe ƙasa baki ɗaya. Cibiyoyin amsa kira da kamfanonin sadarwar Ostireliya suka dogara da su suka zama kufai a daidai lokacin da ƙasar ta koma aiki da karatu daga gida. Telstra ya shiga ɗaukar dubban ma'aikata cikin gaggawa a gida, daga baya shugabansa Andy Penn ya yi alƙawarin mayar da amsa kiran ɗaiɗaikun mutane da ƙananan 'yan kasuwa cikin ƙasa, aka cika a 2022. Wannan amsa waya ce kawai, aikin da ake koya wa mutum cikin makonni. Mai kula da layi ba a samar da shi a makonni. Birtaniya ta ɗauki wannan darasi ta mayar da shi doka: ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar tsaron sadarwa ta 2021, waɗanda suka fara aiki a Oktoba 2022, sun buƙaci manyan kamfanoni su iya ci gaba da tafiyar da layinsu ba tare da dogaro da mutane ko na'urori ko bayanan da ke wajen ƙasar ba idan buƙata ta taso. Ba su hana aiki da 'yan waje ba. Sun hana a wayi gari ba a iya rayuwa sai da su.

Akwai masu cewa rarraba cibiyoyi a ƙasashe shi ne ma kariya, domin gobara ko ambaliya ba za ta ci Melbourne da Manila rana ɗaya ba, kuma idan dare ya yi a nan rana ce a can, ba sai an sa mutane aikin dare mai kawo gajiya da kuskure ba. Rabin farko na maganar daidai ne, sai dai ƙasar da ke da tazarar sama da kilomita 2,500 tsakanin Melbourne da Perth ba ta buƙatar fasfo kafin ta sami cibiya ta biyu. Rabi na biyu kuwa taswira ba ta goyi bayansa ba. Agogon Manila daidai yake da na Perth. Indiya tana bayan Sydney da awa huɗu da rabi ne kawai, ko biyar da rabi a lokacin zafi, wato aikin da ake yi ƙarfe uku na dare a Sydney yana samun na Bangalore yana hamma shi ma. Ba rana ake bi ba, albashi ake bi, kuma ya fi kyau a kira abin da sunansa domin a auna shi da ma'aunin da ya dace.

Batun tsaro yana buƙatar a yi shi da natsuwa, don an cika zuzuta shi. NBN Co ba ya riƙe da tarihin shafukan da mutum ya buɗe. Abin da cibiyar sa ido ke riƙe da shi ya fi wannan nauyi: taswirar layin ƙasa, da sanin wace waya ke zuwa wane asibiti ko barikin soja, da asusun da ke da ikon kashe na'ura. Kutsen da aka yi wa laƙabi da Cloud Hopper, wanda aka bayyana a 2017 kuma Ostireliya ta bi sahun ƙawayenta ta ɗora wa masu alaƙa da Sin a Disamba 2018, ta kamfanonin da ke kula da kwamfutocin wasu ya bi, domin wanda ya buɗe ƙofarsu ya buɗe ta dukan masu hulɗa da su. Sannan ma'aikaci yana ƙarƙashin dokar inda yake kwana ne. Ana yawan ambaton dokar leƙen asirin Sin ta 2017, amma Ostireliya da kanta ta yi doka a 2018 mai tilasta wa kamfanoni taimaka wa jami'an tsaro, Amurka da Indiya ma suna da nasu. Kowace ƙasa tana iya ƙwanƙwasa ƙofar mazauninta. Ƙasar da ta hana Huawei shiga ginin NBN a 2012 saboda tsoron abin da za a iya ɓoyewa a cikin akwati, ba ta da hujjar miƙa makullin akwatin ga wanda kotunanta ba za su iya kira ba. Gyaran dokar da ya fara aiki a Satumba 2018 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa riƙe sa ido na ƙwarewa da iko na haƙiƙa a kan layukansu, su kuma sanar da gwamnati kafin sauye-sauye irin na kai aiki waje. Amma sanarwa ba ta samar da ƙwarewa, kuma a nan ne babbar asarar take.

Ba za ka iya sa ido a kan aikin da ka manta yadda ake yin sa ba. Injiniyan hawa na uku, wanda kowa ya yarda a bar shi a gida, ba daga jami'a ya faɗo ba. Ya yi shekaru a hawan ƙasa yana kallon ƙararrawa, ya koyi wace ce ke ƙarya wace ce ke gaskiya, ya san unguwar da ramukan wayarta ke cika da ruwa duk damina, da tsaunukan da tsawa ke ƙona na'urorin bakin titi, da akwatin da batirinsa ba ya kai awannin da takarda ta ce. A layi irin na NBN wannan sani ya fi tsada, domin tagullar da aka gada daga Telstra ta girmi yawancin masu kula da ita, kuma abin da ke cikin ƙasa ba kullum yake daidai da abin da ke cikin kundi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gobarar dajin 2019 zuwa 2020, yawancin katsewar sadarwa ba wuta ce ta ci na'urori ba, lantarki ne ya ɗauke, kuma aikin ya zama na yanke shawarar wane wuri za a fara kai wa janareto, ta wace hanya da 'yan kwana-kwana suka bari a buɗe. Wannan aiki ne na mutanen da suka san juna da murya, tsakanin cibiyar da hukumomin agajin jihohi da kamfanonin lantarki. Idan aka cire matakalar ƙasa aka kai waje, shekaru biyar na farko komai zai tafi daidai, domin tsofaffin hannu suna nan suna rufe giɓi, rahoton kuɗi kuma zai yi kyau. Sai sun yi ritaya za a gane babu mai hawowa. A lokacin kamfanin zai zauna teburin sabunta kwangila da wanda ya fi shi sanin layinsa, kuma arahar da aka gina shawarar a kanta za ta fara zagwanyewa.

Wasu za su ce wannan muhawara ta tsufa, tunda manhajoji masu koyo sun fara cinye aikin hawan ƙasa, suna tace ƙararrawa dubu su fito da musabbabi guda. Idan haka ne, hujjar kai aikin waje ce ta raunana, ba ta barin sa a gida ba. Ribar ƙetare tana cikin yawan kujeru ne. Idan na'ura ta rage kujerun, abin da ya saura shi ne hukunci a kan abin da na'ura ba ta taɓa gani ba, wanda shi ne ainihin abin da bai kamata ya tafi ba. 

Ba a ce kome ya zauna a gida ba. Mai ƙera na'ura zai ci gaba da taimakawa daga Finlan ko Amurka ko Indiya idan manhajarsa ta yi tutsu, kuma hakan daidai ne muddin ma'aikacin NBN ne ke buɗe masa ƙofa na ƙayyadadden lokaci, yana kallon abin da yake bugawa, ya rufe bayan ya fita. Nazarin tsofaffin bayanai, da rubuta manhaja, da shirya rahotanni, duk ana iya yin su ko'ina. Layin da za a ja ba tsakanin ɗan ƙasa da baƙo yake ba, tsakanin mai gani ne da mai taɓawa. Wannan zai ci kuɗi, kuma masu biyan kuɗin intanet ne za su ɗauka, ciki har da marasa ƙarfi. Amma albashin 'yan ɗaruruwan mutane, idan aka raba shi kan gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan takwas da ke kan layin, ba shi ne zai hana kowa intanet ba. Gwamnatin Anthony Albanese, da ta kai ƙudurin doka majalisa a 2024 domin tabbatar da NBN Co a hannun jama'a, tana da dalilin tambayar me mallakar ta ƙunsa, domin riƙe hannun jari abu ne daban da riƙe ikon tafiyar da abin da aka mallaka.

Hanyar gane gaskiyar kowane kamfani a wannan fanni ba ta karanta kwangilarsa ba ce, ta gwaji ce. Hukumar da ke sa ido ta sa rana, a rufe duk wata ƙofar shiga daga waje, a ga ko ma'aikatan gida za su iya tafiyar da layin na mako guda, har da yin sauyi da komawa baya, ta hanyar shiga na'urori da ba ta rataya a kan layin da ake gyarawa ba. Wanda ya kasa, an san inda zai gyara tun babu rai a kan layi. Wannan gwaji ya shafi duk ƙasar da ke shirin gina layi guda da kowa zai hau. Najeriya, da ke shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 da haɗin gwiwar masu zuba jari, ta riga ta ɗanɗana ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka yi kwanaki suna fama. Masu ba da bashin irin wannan aiki sukan zo da mai gudanarwa na waje a cikin kunshin, kuma a farkon shekaru ana iya buƙatarsa da gaske. Sharaɗin inda cibiyar sa ido za ta zauna, da wanda zai riƙe asusun da ke da ikon sauya saiti, da adadin matasan injiniyoyin da za su zauna a kujerun hawan ƙasa kowace shekara, ana rubuta su ne a takardar farko, lokacin da masu neman kwangilar ke gasa da juna kuma gwamnati ke da bakin magana.